Ƙarin huhun Mama: allurar ɗiban tsoka ko a cire shi gaba ɗaya?

Ɗan'uwa, Allah ya ba Mama lafiya. Ka tambaya ko a ɗebi tsokar ƙarin da aka gani a huhunta da allura ko a yi tiyata a cire shi. Ƙari guda ɗaya, kewayayye, santimita 2 da rabi a gefen huhu, ga mace mai shekara 50 da ba ta shan taba: ba mamaki likita ya yi zargin niyumosaitoma, wani ƙarin huhu da galibi ba cutar kansa ba ne. In ƙarfin numfashinta da zuciyarta sun yarda, ku zaɓi tiyata.

Dalilin yana cikin ƙirar shi wannan ƙarin. Likitoci Liebow da Hubbell, da suka bayyana shi a 1956, sun ɗauka daga jijiyoyin jini yake tsirowa, saboda jinin da ke taruwa a cikinsa. Gwajin rini ya nuna ba haka ba ne: ƙwayoyinsa iri biyu, na sama da kewayayyun ciki, duk suna kama rinin TTF-1 da EMA, alamar cewa asalinsu shimfiɗar jakunkunan iska ce. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi rukunin ƙarin da ke tsirowa daga wannan shimfiɗa a 2015. Kuma fuska huɗu gare shi a madubin likita: wani sashe mai yatsu-yatsu, wani cunkushe, wani mai tauri, wani cike da jini.

A nan tiyatar kyamara ta yi zarra. Ƙananan yanka ɗaya zuwa uku tsakanin haƙarƙari, a yanke ƙarin da ɗan gefen huhu, a bar bututun fitar da iska da ruwa na 'yan kwanaki. Mai nazarin tsoka zai samu abin ɗungurungum, ya ga fuskokin a jere, ya yi rini a tsanake. Ganowa da magani a zama ɗaya, kuma da wuya ya dawo. Abu ɗaya za ku tattauna da likitan tun kafin ranar: gwajin gaggawa da ake yi mara lafiya na kan gado yana yawan rikita wannan ƙari da cutar kansa. Ku tambaya ko za a tsaya a ƙaramin yanka har cikakken sakamako ya fito, kada a cire mata ɓangaren huhu sukutum a banza.

Allura kuwa tana da amfani ga wanda tiyata za ta yi wa nauyi. Ɗan tsinken tsoka take kawowa. In ta faɗa sashe mai yatsu sai ya yi kama da kansar huhu, ga haɗarin iska ta zubo cikin ƙirji. Sau da yawa a ƙarshe tiyatar ake komawa.

Sai dai fa a sake duba hoton siti-sikan ɗin. In akwai kitse da dunƙulen alli a ciki, hamatoma ce, wani ƙari daban da ba kansa ba, sa ido kawai take buƙata.

Ku yi hattara da masu tallan maganin "narkar da ƙari" a intanet. Ba abin sha da ke narkar da shi, kuma kafin a tabbatar ba kansa ba ce, watannin da za su cinye muku na iya zama masu tsada. Haka kada a ɗora ta kan maganin tarin fuka ba tare da gwajin majina ba.