Dashen gora a leda: wanne ya dace da ƙasar Sakkwato?

Mai sayar da dashen gora zai ce maka tana riƙe ƙasa, tana kuma tare iska. Bai yi ƙarya ba. Saiwoyinta suna saƙa kansu kusa da saman ƙasa, shi ya sa take hana bakin kwazazzabo zubewa, ganyen da take zubarwa kuma ya zama taki. Ana saran sandunanta duk shekara ba tare da an kashe gindin ba, abin da ke rage wa sauran itatuwa gatari.

Abin da ba ya faɗa shi ne iri biyu ne a kasuwa. Akwai mai kauri, rawaya ko kore, mai faffaɗan rami a ciki, wadda ta fi yawa a kudu. Tana kamawa da wuri daga yankan sanda, don haka masu reno suka fi son ta. Amma ruwan Sakkwato bai cika wuce milimita 700 a shekara ba, daga Yuni zuwa Satumba, zafin Afrilu kuma ya haura digiri 40. A ƙasar tudu ba ta kai labari. Wurinta fadamar gulbin Rima ko bakin magudanar ruwa.

Gorarmu ta gida siririya ce, cikinta kusan a cike. Takan zubar da ganye da rani, ta farfaɗo da damina. Ita ta cancanci kuɗinka, ko da ta fi tsada.

Kafin ka biya, yaga gefen ledar ka duba. In babu fararen saiwoyi da sabon toho a gindi, sanda ce kawai aka soka jiya. Bar ta.

A dasa bayan ruwa ya zauna, a rami mai faɗi da zurfin santimita 50, da taki ruɓaɓɓe, mita 5 tsakanin gindi da gindi, wato 400 a hekta. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. Ranin farko dole ban ruwa: jarka guda, sau biyu a mako. Shingen ƙaya ma dole ne, domin akuya ba ta ƙyale toho.

Kada a sa wuƙa kafin shekara ta 4, kuma tsofaffin sanduna kaɗai ake sara.