Gudu Mai Tsanani Ko Tafiyar Sauri?

'Yan'uwa a unguwar Nima da ke Accra, Ghana, sun sha tambayata wanne ya fi amfani ga lafiya.

A 2022 masana a jami'ar Stanford ta Amurka suka gano cewa sinadarin Lac-Phe, wanda jiki ke samarwa yayin motsa jiki, yana rage wa ɓeraye masu ƙiba cin abinci. A jinin mutum, gajeren motsi mai tsanani ya fi ƙara shi. Ƙanena in ya dawo daga ƙwallo, ko waken safe ba ya kallo sai ya huta. Amma gudu mai tsanani yana iya wahalar da gwiwa.

Tafiya kuwa ba ta cin ko sidi ɗaya, kuma tsoka na janye sukari daga jini. Bayan sallar asuba ma ta isa.

Matashi mai lafiya, gudu ya dace da shi. Dattijo, ko mai hawan jini, ya riƙe tafiya, ya kuma nemi shawarar likita.