Labarin Aborijin da masu turi ke sayarwa a Maradi: inda ya yi daidai da inda ya kauce

A layin masu turi na bakin babbar kasuwar Maradi akwai wani labari na saurare da ke tashe. An karanta shi da Hausa, kashi 12, kowane kashi wajen minti 20. Labarin wani saurayi ne na ƙabilar Warlpiri, cikin Aborijin ƴan asalin Ostireliya, da aka tsinci gawarsa a busasshiyar ƙorama bayan ya nemi yarinyar da al'adarsu ta haramta masa. Ba a kama sunan kowa ba, kuma hakan ya dace da al'adar mutanen.

Mu fara da memorin. Sautin MP3 ne mai cin kusan mega 1 a minti, duka bai kai mega 250 ba, don haka kada a tilasta muku sayen babban memori. Mai jiga 2 ya isa har da saura. Matsalar tana ga lambobin. An rubuta 1, 2, 3 ba sifili a gaba, sai ƙaramar salula ta jera su 1, 10, 11, 12, sannan 2, mutum ya ji ƙarshe kafin ya san mafari. Ku ce wa mai shagon ya mayar da su 01, 02 har 12. Ƙananan rediyo masu cin memori kuwa da yawansu suna bin yadda aka zuba ne, sai a tura ɗaya bayan ɗaya.

Kashi 2 da na 3 su ne suka biya kuɗin. Nan aka warware tsarin dangantaka, kuma an yi shi da kyau. Warlpiri sun kasu rukuni 8, kowa da sunan rukuninsa tun haihuwa. Suna ce masa sunan fata, ko da yake bai shafi launin jiki ba. Na maza da J yake farawa, na mata da N. Jakamarra matarsa ta daidai ita ce Napaljarri, ƴaƴansu kuma Jupurrurla da Napurrurla. Saboda haka mace tana iya zama "uwa" ko "suruka" ga namiji ko da ba su haɗa jini na kusa ba, rukuni kawai ya ɗora ta a wannan matsayi. Mafi tsanani ita ce suruka: ba ya yi mata magana, ba ya zama kusa da ita. Mai karatun ya kwatanta wannan da kunyar surukai a ƙasar Hausa, ya kuma faɗi gaskiya cewa tamu ladabi ce, tasu doka ce mai hukunci. Bamaraɗen da ya san haramcin ƴar'uwar shayarwa zai gane zancen nan take.

Daga kashi 7 ne abin ya kauce, kuma ya dame mu ƙwarai. Mai karatun ya yanke cewa dattawa ne suka kashe yaron da dare suka rufe bakin gari. Labarin da kansa bai kawo hujjar haka ba. Gaskiya ne a zamanin da babban laifi yana iya kai mutum ga kisa. Amma hukuncin da aka fi sani shi ne sukar mashi a cinya, a fili, gaban dangin ɓangare biyu, don a kashe gaba. Ko kuma kora daga gari. Haɗarin sukar shi ne mashin ya taɓa babbar jijiyar jini ta cinya, jini ya ƙare cikin mintoci. Wanda ya san wannan zai tambaya: akwai rauni a cinyar gawar ko babu? Labarin bai ko taɓa tambayar ba.

Shirun mutanen gari ma an fassara shi da laifi, alhali yana da dalilai sanannu. Ba a ambaton sunan wanda ya rasu; Warlpiri sukan ce Kumanjayi a madadinsa. Dangi sukan tashi daga gidan mamaci lokacin makoki. Ga harshe: wanda Ingilishi ba yarensa ba ne yakan amsa wa ƴan sanda da "e" don a rabu da shi. Wannan ne ya sa kotun ƙoli ta Yankin Arewa na Ostireliya ta kafa ƙa'idodin Anunga a 1976, cewa a nemo tafinta, a kuma bar wanda ake tuhuma ya zo da wani da ya yarda da shi. Ga nisa kuma: daga Yuendumu, wani garin Warlpiri, zuwa birnin Alice Springs kusan kilomita 300 ne, cikin zafin hamada da ke lalata gawa kafin likita ya duba ta. Idan alƙalin binciken mutuwa ya rufe zama bai faɗi sanadi ba, ma'anarsa hujja ba ta isa ba, ko ta kisa, ko ta ƙishirwa, ko ta wani abu daban.

An kuma ce a cikin labarin gwamnatin Ostireliya ta amince da hukuncin al'ada. Ba haka ba ne. Hukumar gyaran dokoki ta ƙasar ta fitar da rahoto kan dokar al'ada a 1986, amma suka da mashi laifi ne a kotu, kuma dokar 2007 ta hana alƙalan Yankin Arewa sassauta hukunci saboda al'ada.

Muryar mai karatun tana fita tar, sai dai kiɗan bayan fage ya danne ta a kashi 9 da na 10. A rediyo mai ƙaramar lasifika da ƙyar ake jin kalmomi. Ba batsa a ciki, amma bayanin gawar a kashi 5 bai dace da yara ba. Ku saya don kashi 1 zuwa 6, sauran ku saurara da taka-tsantsan. Kafin ku bar shagon, ku sa a kunna muku kashi 12 har ƙarshe, domin memorin jabu yakan nuna sunan fayil alhali ƙarshen sautin bai shiga ba.