Asibitin sha-ka-tafi na unguwarmu: ɗakin dubawa sambarka, tagar magani da saura

Masu tambaya ya asibitin nan na bayan kasuwa yake tunda aka yi masa kwaskwarima, ni dai fenti da tayil ba su dame ni ba, abin da ya burge ni matar da ke duba marasa lafiya ce. Ba likita ba ce, cikin ma'aikatan lafiyar al'umma ne da ake ce wa CHEW, amma wallahi ta iya sauraro.

Hajiyarmu nake kaiwa awon hawan jini, kun san tsofaffinmu, a tambaye su me ke damunsu su ce "jikin ne dai ba daɗi" shikenan. Sai matar nan ta ajiye biro ta ce "Mama, rashin daɗin daga ina yake farowa?" a haka a haka har Hajiya ta faɗi abin da ko mu ta ɓoye mana, wai ta ajiye maganinta na hawan jini, amlodipine, saboda ƙafafunta na kumbura ta koma shan zoɓo. Ba tsawa ba harara, ta ce maganin yakan kawo kumburin, za ta tura ta gun likita a duba ko a canza, amma kar ta ƙara dainawa da kanta don hawan jini ba ya sallama kafin ya kada mutum. Ta nuna mata 160/100 a na'ura ta ce ƙasa da 140/90 ake nema, ta taɓo gishiri da dunƙule, sannan ta ce "Mama in kin koma Alhaji ya ce me aka ce, me za ki gaya masa?" Hajiya ta maimaita, inda ta kauce aka gyara mata.

Tagar karɓar magani kuwa sai a hankali. A zana maka 1-0-1 (wato ɗaya da safe, babu da rana, ɗaya da yamma) a leda a miƙo ana kiran na baya. A gabana aka ba wata maganin maleriya irin Coartem aka ce "safe da yamma" kawai, ba wanda ya ce mata na biyun bayan awa 8 ake sha, da abinci mai maiƙo ko madara, kuma sai an cika kwana 3 ko da zazzaɓin ya sauka. Sannan labule ne kawai tsakanin ɗakin dubawa da benci, to wace mace ce za ta faɗi ciwon mara maƙwabta na ji fisabilillahi?

In za ku je ku yi sammako, ku riƙo kwalayen magungunan da ake sha a gida, matar da ke dubawa tana tambayarsu.