RadioReference: duba garinku tukuna kafin ka sayi sikana

Masu tambayata ko shafin RadioReference, mai jera mitocin oba-oba na kowane gari, yana da amfani, musamman 'yan uwa da ke nan Amurka masu son jin oba-obar motocin asibiti da ta 'yan kwana-kwana, gaskiya shafin ya yi, amma don Allah ka shiga ka duba garinku kafin ka fitar da ko sisi ka sayi sikana, wato na'urar sauraron oba-oba.

Yadda abin yake, a ƙasar nan kamfanin ambulan ne, asibiti ne ko ƙaramar hukuma, duk mai son ya riƙe mitar oba-oba ta aiki, wato zangon da ake magana a kai, sai ya karɓi lasisi wajen FCC, hukumar sadarwa ta tarayya, kuma shekara 10 lasisin yake yi sannan a sabunta. Lasisin nan duk a buɗe suke a rumbun hukumar mai suna ULS, kowa zai iya gani kyauta, sunan mai shi, mitar da aka ba shi, har wurin da ya kafa eriya. Sai dai FCC ba za ta gaya maka me ake faɗa a kai ba, asibiti ɗaya zai riƙe mita barkatai, wata ta masu gadi ce, wata ta masu gyaran wuta da famfo, wata kuma lasisin na nan da rai amma an daɗe da daina taɓa ta. To a nan shafin ya ci kuɗinsa, masu sha'awa ne ke zama su saurara da kunnensu su tura cewa wannan ita ce ta tura motoci, waccan ita ce ta magana da asibiti. Ka zaɓi jiha, ka zaɓi kawunti, sai teburi ya fito maka da mita, lambar lasisi da bayanin aikin kowacce.

Akwai tsofaffin mitoci da za ka yi ta cin karo da su jiha bayan jiha, kamar 155.340 da aka ware don mota ta kira asibiti, da kuma jerin MED, na 1 zuwa na 8 daga 463.000 zuwa 463.175, na 9 da na 10 a 462.950 da 462.975. Inda har yanzu ake amfani da su za ka ji ma'aikacin motar yana sanar da ɗakin gaggawa, namiji ne mai shekara kaza, ga awon jininsa, ga bugun zuciya, saura minti kaza mu iso, a gurguje yake jero su ba ko numfashi. Sunan mara lafiya ba kasafai ake faɗa ba, amma mai tura mota yana faɗin adireshi ƙarara, shi ya sa ni ba na ganin kyan masu ji su kwasa su zuba a guruf na WhatsApp, rashin lafiyar mutum ba labarin shayi ba ne.

Yanzu abin da ya fi komai a teburin nan shi ne ɗan gurbin da aka rubuta Mode. Wurare da yawa sun koma tsarin dijital na P25 inda ba a ba kowa mitarsa shi kaɗai, kwamfuta ce ke raba layi duk lokacin da wani ya danna, kamar MARCS na jihar Ohayo, ƙaramar oba-obar hannu ta Baofeng ɗinka ba abin da za ta fahimta a ciki sai ƙara. Dijital kaɗai ba matsala ba ce, sikana mai kyau tana kamawa. Amma in ka ga babban harafin E a gurbin, an kulle layin kenan, ba na'urar da za ka saya ta buɗe maka, ƙaramin e kuma wani lokaci a buɗe wani lokaci a kulle. Kuma kullewar ƙaruwa take yi, 'yan sandan birnin Niyok sun fara a 2023. Wasu kamfanonin ambulan masu zaman kansu kuma sun koma waya kawai, kana zaune kana jiran mitarsu shiru kake ji. Wannan ba laifin shafin ba ne, hasali ma shi ne zai nuna maka tun kafin ka yi asara, tunda sikana irin Uniden SDS100 ta haura dala 600.

Dubawa kyauta ne. Biyan kuɗin rajista sai in kana so manhaja ta jawo bayanan kai tsaye, misali in ka haɗa ɗan RTL-SDR, na'urar kama rediyo ta USB mai dala talatin da wani abu, da manhajar SDRTrunk a kwamfuta, nan kam biya, don shigar da ɗaruruwan lambobi da hannu wahala ce zalla. Sikanonin Uniden irin su HomePatrol da SDS100 kuwa da bayanan shafin suke zuwa, lambar zif ɗin unguwarku kawai za ka sa. In kuma ji kawai kake so, fara da Broadcastify a waya, mai watsa oba-oba kai tsaye ta intanet, gida ɗaya ne da RadioReference.

Doka fa. Sauraron layin da ke buɗe ba laifi ba ne a dokar tarayya, amma jihohi irin su Niyok, Fulorida, Indiyana, Kentaki da Minnesota suna da ƙa'ida a kan sikana a cikin mota, masu tuƙin Uber ku kula. Baofeng kuma tana aikawa ba ji kaɗai ba, ka danna maɓallin magana a mitar ambulan ka jawo wa kanka FCC. 'Yan uwa na Ingila ku kam kar ku gwada, can sauraron ma laifi ne, kuma layin Airwave na masu agajin gaggawa a kulle yake.