Tamale na naman sa a kantunan Amurka: na gwangwani, na firiza ko na firij?

Duk wanda ya zauna a Texas ko Kalifoniya, ko ya saba shiga manyan kantuna irin su Walmart da Costco, ya taɓa cin karo da tamale. Abincin mutanen Meziko ne da maƙwabtansu tun kafin zuwan Turawan Sifen: ƙullun masara da ake cusa wa nama da miyar barkono, a naɗe a ɓawon masara, a turara. 'Yan uwanmu na zangon Kumasi da Nima in sun gan shi dokunu zai faɗo musu a rai, sai dai shi ba ya tsami. Masarar ana fara dafa ta ne da ruwan farar ƙasa kafin a niƙa, abin da ke ƙara mata kalsiyam ya kuma sa jiki ya iya amfana da bitamin B3 da ke cikinta. To amma na kanti kala-kala ne, kuma tazarar da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ce.

Na gwangwani shi ne mafi araha, kuma ya fi daɗewa a ajiye. Wanda aka fi gani shi ne na Hormel, gwangwani mai gram 425, ƙananan tamale naɗe a takarda suna jiƙe cikin miya. Na firiza, irin na Trader Joe's ko Texas Tamale Company, a ɓawon masara yake zuwa kuma ya fi kama da na gida. Na firij, kamar na Del Real, dafaffe ne mai jiran ɗumame kawai, amma yana da wa'adi gajere, musamman da zarar an buɗe ledar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki fakiti biyu, a dubi babbar lambar kalori da ke takardar bayanin abinci a jikinsu, a zaɓi ƙarama. Lambar nan ta awon ci ɗaya ce, kuma awon ya bambanta: wani fakitin tamale ɗaya ne, wani biyu, wani uku. Girman ma ba ɗaya ba ne, domin na Texas sirara ne, na wasu wuraren kuwa guda ɗaya ya kusa cika tafin hannu. Sai ka dubi nauyin da aka rubuta da gram a gefen awon, ka yi ɗan lissafi. A ce fakitin farko tamale ɗaya ne mai gram 140 da kalori 280, na biyu kuma ƙanana biyu ne masu gram 85 da kalori 200. A ido na biyu ya fi sauƙi. Amma a kowane gram 100, na farko kalori 200 ne, na biyu 235. Ƙari a kan haka, wane magidanci ne zai ci gram 85 ya ce ya ƙoshi? Huɗu zai ci, ya tashi da 400.

Na gwangwani yakan fito da lamba mai daɗin gani a irin wannan lissafi, amma fa ruwan miyar ma an auna shi cikin nauyin. Ruwa ba shi da kalori, ba ya kuma riƙe ciki.

Ina kalorin yake fitowa? Mutane suna ɗora laifin a kan naman, alhali yawanci ƙullun ne. Ba a samun laushin tamale sai an buga ƙullun da kitse mai yawa. Gram ɗaya na kitse kalori 9 ne, na furotin ko sitaci kuwa 4. Don haka tamale mai kitse gram 15 ya riga ya kwashi kalori 135 daga nan kaɗai, kusan rabin 280 ɗin da muka yi misali da shi. Layin da ya kamata ka tsaya a kai shi ne na kitse mai daskarewa ("saturated fat" a takardar), wanda ma'aunin Amurka ya ƙayyade gram 20 a yini ga mai cin kalori 2,000. Ƙa'idar karanta kason da ke gefe, wato kason ma'aunin yini da awo ɗaya ya ƙunsa, mai sauƙi ce: kashi 5 cikin 100 ko ƙasa kaɗan ne, kashi 20 ko sama ya yi yawa.

Naman kuwa, layin furotin ne zai gaya maka gaskiyarsa, ba hoton da ke jikin kwali ba. Ana jera kayan haɗi daga mafi nauyi zuwa mafi ƙaranci. In ka ga ruwa da garin masara sun yi gaba, nama ya biyo daga nesa, ga kuma waken suya da aka sarrafa don ya yi kama da nama, ka san ƙullu ka saya da ɗan ƙamshin nama.

Gishiri ne ya fi damuna, don shi ba ya nuna kansa a baki idan barkono ya rufe shi. Takardar ba ta rubuta gishiri, sodiyam take rubutawa. Ka ninka shi sau 2.5 ka sami gishirin. Ma'aunin sodiyam na Amurka miligram 2,300 ne a yini, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce ƙasa da 2,000. Idan tamale ɗaya yana da 700 ka ci uku, ka haye iyakar Hukumar Lafiya ta Duniya a zama ɗaya, ba a maganar cuku da miyar da za ka zuba a kai. Abincin gwangwani ya yi suna a wannan fanni, shi ya sa mai hawan jini gara ya bar shi a kan kanta. Kada kuma rubutun "reduced sodium" ya ruɗe ka, ma'anarsa an rage aƙalla kashi 25 cikin 100 daga na asali ne kawai. "Low sodium" shi ne miligram 140 ko ƙasa a awo ɗaya.

Ga Musulmi akwai batun da ya sha gaban duk wannan. Kitsen da aka saba buga ƙullun tamale da shi a al'ada man alade ne, ko da kuwa naman da ke ciki na sa ne. A takarda "lard" ake rubutawa, da Sifaniyanci kuma "manteca". Akwai kamfanonin da suke amfani da man tsirrai suna kuma bayyana hakan a jikin fakiti, amma a karanta kowane lokaci, domin kamfani na iya sauya haɗinsa. A duba romon da aka kwaɓa ƙullun da shi ma. Hatimin USDA, wato ma'aikatar noma ta Amurka, yana nufin an duba lafiyar naman ne, ba ya nufin yankan Musulunci; wannan sai tambarin halal irin na IFANCA, ƙungiyar tantance halal ta Amurka. Zancen yankan Ahlul Kitabi kuwa, kowa ya koma wa malaminsa. Wanda ya rasa mai tambari, akwai na wake da na cuku, su ma bayan an duba kitsen.

In ni ne, na firiza mai man tsirrai zan ɗauka, in ci biyu da wake da latas a gefe. Na firij sai in ana da baƙi da za su cinye shi a ranar. Na gwangwani na ajiyar ko-ta-kwana ne, ranar da dusar ƙanƙara ta hana fita.

Wajen ɗumame, turarawa a madambaci ta fi makuruweb, wanda ke busar da gefen ƙullun, kuma a tabbata zafin cikinsa ya kai digiri 74 a ma'aunin Salshiyos. Ɓawon ba a cin sa. A 1976 shugaban Amurka Gerald Ford ya gatsi tamale da ɓawonsa a San Antonio, har yau mutanen Texas suna ba da labarin.