Tsarin Code Adam a manyan gine-ginen Amurka: abin da na gani ranar da 'yata ta ɓace a kanti

Na shafe shekaru ina wuce wata ƙaramar sitika da ake mannawa a ƙofar gilashin manyan kantuna a Amurka, mai ɗauke da kalmomi biyu, Code Adam, ban taɓa tsayawa na tambayi ma'anarta ba, har sai ranar da 'yata mai shekara biyar ta ɓace mini a cikin ɗaya daga cikin waɗannan kantuna. Sitikar alkawari ce da mai gini yake yi wa iyaye, cewa idan yaro ya ɓace a cikin gininsa, ma'aikatansa sun san matakan da za su bi ba tare da ɓata lokaci ba. Tun da na ga yadda ake cika wannan alkawari da idona, na ga ya dace in auna hidimar kamar yadda ake auna kowace hidima, in faɗi inda ta gamsar da ni da kuma inda ta gaza.

Sunan tsarin ya samo asali ne daga Adam Walsh, yaro ɗan shekara shida da aka sace a ranar 27 ga Yuli, 1981, daga wani kantin Sears da ke garin Hollywood a jihar Fulorida. Mahaifiyarsa ta bar shi yana kallon waɗansu yara suna wasan bidiyo, ta matsa kaɗan domin duba fitila, da ta dawo kuma ta neme shi sama ko ƙasa ta rasa. Bayan mako biyu aka tabbatar da cewa an kashe shi. Iyayensa, John da Revé Walsh, sun mayar da baƙin cikinsu fafutuka, kuma suna cikin waɗanda suka sa aka kafa cibiyar ƙasa mai kula da al'amuran yaran da suka ɓace da waɗanda ake zalunta, wato NCMEC, a shekarar 1984. Kamfanin Walmart ne ya ƙirƙiro tsarin Code Adam a kantunansa a 1994, daga nan ya bazu zuwa sauran kantuna da gidajen tarihi da ɗakunan karatu da wuraren shaƙatawa, sannan a 2003 majalisar dokokin Amurka ta wajabta wa gine-ginen gwamnatin tarayya da jama'a ke shiga su tanadi irin wannan tsari.

Abin da ya same ni bai ɗauki tsawon lokaci ba a agogo, ko da yake a zuciyata ya yi kamar yini guda. Na juya ne kawai domin in duba lambar wata rigar sanyi, da na waiwayo sai na ga babu yarinya a jikin keken sayayya inda na bar ta tana riƙe. Kuskuren farko nawa ne, kuma ina faɗinsa domin na san iyaye da yawa za su maimaita shi: na ɓata kusan minti uku ina zagaya layukan kaya ni kaɗai, ina kiran sunanta ƙasa-ƙasa, saboda ina jin nauyin a ce na kasa kula da 'yata. Sai da gabana ya fara faɗuwa sosai na tari wata ma'aikaciya da ke jera kaya a kan kanta, na ce mata ban ga 'yata ba.

A nan ne hidimar ta fara nuna darajarta. Matar ba ta tura ni wani tebur ba, ba ta ce in jira manaja ba, ba ta kuma ce in kwantar da hankalina wataƙila tana kusa ba. Ta ajiye kwalin da ke hannunta a ƙasa, ta ciro oba-oba daga ƙugunta, ta shiga jero mini tambayoyi gajeru ɗaya bayan ɗaya: shekarunta nawa, yaya tsayinta yake, wane launi ne gashinta da fatarta, wace riga ce a jikinta, ina na gan ta na ƙarshe. Sannan ta tambaye ni irin takalmin da ta sa da launinsa. A lokacin tambayar ta yi mini kamar ɓata lokaci, amma daga baya na gane hikimarta, domin wanda ya ɗauke yaro yana iya ɗora masa wata riga ko ya kifa masa hula cikin daƙiƙa kaɗan, amma da wuya ya tsaya sauya masa takalmi. Abin mamaki kuma shi ne na ruɗe a kan launin rigar, na ce shuɗiya alhali koriya ce, amma jan kambas ɗin da ke ƙafarta ban manta da shi ba, tun da ni na ɗaura mata igiyarsa da safe.

Kafin in gama magana, lasifikar kantin ta katse kiɗan da ke tashi, aka yi shelar Code Adam tare da siffar yarinyar. Ba a ambaci sunanta ba, kuma wannan ya bambanta da cigiyar da muka saba ji, inda sunan yaro ne abu na farko da ake faɗa. Dalilin a bayyane yake idan mutum ya yi tunani: idan har akwai mugu a cikin ginin, ba shi sunan yarinya daidai yake da ba shi mabuɗin amincewarta, domin yaro yakan saki jiki da duk wanda ya kira shi da sunansa. Daga inda nake tsaye na hango ma'aikata biyu sun bar abin da suke yi sun nufi babbar ƙofa, sun tsaya suna duban ƙafar kowane yaro da ke fita, wata kuma ta shiga ban-ɗakin mata, wani ya nufi ɗakunan gwada tufafi. Babu wanda ya yi gudu ko ihu, amma babu wanda ya tsaya tambayar ina zai je. Ma'aikaciyar da na fara tara ta ce in tsaya tare da ita a daidai wurin da na rabu da yarinyar, saboda yara sukan komo inda suka bar iyayensu.

A ganina wannan shi ne gundarin amfanin tsarin. Uban da ɗansa ya ɓace ba ya iya tunani mai kyau, ma'aikacin da bai taɓa samun horo ba shi ma ruɗewa zai yi, ya bi uban suna zagaya wuri guda, alhali ƙofa tana buɗe babu mai kallonta. Abin da Code Adam ya yi shi ne yanke shawarar tun kafin ranar tashin hankali, ta yadda idan ranar ta zo kowa ya riga ya san gurbinsa, kuma gurbin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne bakin ƙofa. Muddin yaro yana cikin gini, neman sa aiki ne na mutum goma ko ashirin a fili mai iyaka. Da zarar ya tsallake ƙofa ya isa wurin ajiye motoci, al'amarin ya koma na gari guda, wani lokaci ma na jiha guda, kuma a nan ne ake komawa ga wani tsari dabam, wato sanarwar AMBER da aka faro a 1996, wadda 'yan sanda ke aikawa ta wayoyin jama'a da allunan manyan hanyoyi idan an tabbatar sata ce.

An gano 'yata bayan kamar minti bakwai, a tsugune a tsakiyar wani zagayayyen maratayin riguna, inda ta shiga da niyyar wasan ɓuya, da ta ji an yi shela kuma sai tsoro ya hana ta fitowa. Wani matashin ma'aikaci ne ya durƙusa yana leƙa ƙarƙashin kowane maratayi, jan takalmin nan kuma shi ya fara gani. Bai jawo ta ba, ya zauna a ƙasa ya yi mata magana a hankali har ta fito da kanta. Da ya kawo ta wurina, kafin ya sake ta sai ya nuna ni ya tambaye ta ko wane ne wannan, ta ce, "Baba ne." Bayan haka aka yi shela ta biyu cewa an soke Code Adam, kowa ya koma bakin aikinsa.

Duk da godiyar da nake yi musu, akwai abubuwan da ba su gamsar da ni ba, kuma ba ƙanana ba ne. Kantin yana da wata ƙofa ta gefe, ta sashen shuke-shuke da kayan lambu, wadda ke fita kai tsaye zuwa wurin ajiye motoci, kuma daga inda nake tsaye ina iya ganin cewa an kai minti huɗu kafin wani ya je ya tsaya a bakinta. Da a ce ɗaukar yarinyar aka yi, ta nan za a fita da ita, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsarin ba ya cewa a kulle ƙofofi, saboda dokokin kariya daga gobara ba su yarda a rufe hanyar fita alhali jama'a na ciki ba, don haka ƙarfinsa duka ya rataya ne a kan idon ɗan Adam, kuma ƙofa guda da aka bari babu ido ta isa ta rushe ƙoƙarin sauran. Shelar ma ba ta fito sarai a ko'ina ba, domin wata mata da ta taya ni nema ta ce a ɓangaren da take ba ta ji komai ba sai kalmar farko.

Batun minti goma shi ma yana bukatar iyaye su fahimce shi da kyau. A yadda aka san tsarin, idan an yi minti goma ba a ga yaro ba, ma'aikata su kira 'yan sanda. Wannan iyaka ce da aka gindaya wa kanti domin kada ya yi ta jan lokaci yana gudun abin da zai ɓata masa suna, amma ba ta ɗaure hannun uba ko uwa ba. Duk wanda yake da dalilin zargin cewa ɗaukar ɗansa aka yi, ko ɗan nasa yana da lalurar da ke hana shi amsa kira, kamar yara masu lalurar galahanga ta otizim waɗanda sukan yi nisa ba tare da sun waiwayo ba, ya kira lambar gaggawa ta 911 nan take. Tun 1990 dokar tarayyar Amurka ta hana 'yan sanda gindaya wa iyaye lokacin jira kafin su karɓi rahoton ɓatan yaro, saboda haka zancen nan da ake yawan yi cewa sai an yi awa 24 ba shi da tushe. Ma'aikaciyar da ke tare da ni ba ta gaya mini wannan ba, kuma ina ganin ya kamata ya zama cikin abin da ake faɗa wa iyaye tun a minti na farko.

Akwai kuma wani giɓi da ya fi waɗannan zurfi, wanda ba laifin ma'aikata ba ne. An gina tsarin ne a kan hoton baƙo mai satar yaro, alhali irin wannan sata ita ce mafi ƙaranci a cikin al'amuran ɓatan yara, kuma sau da yawa wanda ke ɗauke yaro ɗan uwa ne, musamman uba ko uwa da kotu ba ta ba su riƙo ba bayan rabuwar aure. Irin wannan yaro ba zai yi kuka a bakin ƙofa ba, zai fita ne yana riƙe da hannun wanda ya sani, kuma idan aka tambaye shi wane ne wannan, amsar da 'yata ta bayar ita zai bayar. Abin da tsarin ya tanada, idan an ga yaron tare da wani wanda ba shi ya kawo cigiya ba, shi ne ma'aikaci ya yi ƙoƙarin jinkirta fitarsu ba tare da ya jefa kansa ko yaron ko jama'a cikin haɗari ba, ya kuma riƙe siffar mutumin domin 'yan sanda. Na yarda da wannan taka-tsantsan, domin mai jera kaya ba ɗan sanda ba ne, amma ya kamata a ce duk wanda za a miƙa wa yaro an rubuta sunansa an ga katin shaidarsa. Ni babu wanda ya nemi nawa.

Hukuncina shi ne hidimar ta cancanci yabo, kuma duk ginin da iyaye ke shiga da yara ya kamata ya ɗauke ta, musamman da yake ba ta bukatar na'ura mai tsada, sai horo da maimaita atisaye. Sai dai sitikar ƙofa ba ta tabbatar da komai, domin manyan kantuna suna yawan sauya ma'aikata, kuma wanda aka ɗauka aiki makon jiya yana iya zama shi ne ke kusa da kai ranar da abin zai faru. Na koma kantin bayan kwana biyu na yi wa manajan bayanin ƙofar gefen nan, ya saurare ni da kyau, ya rubuta, ya kuma amince cewa ranar mutum ɗaya ne ke kula da wannan sashe kuma yana can yana taya wani mai saye ɗaukar kaya.

Tun daga lokacin, idan na shiga babban gini da yarana, nakan tambayi ma'aikacin da na fara cin karo da shi, ba shugabansa ba, abin da zai yi idan na ce masa ɗana ya ɓace. A wani gidan tarihi mai gadin ya ce zai kai ni ofis in cika takarda. A ɗakin karatun da muke zuwa kuwa, matar da ke karɓar littattafai ta juya katin aikin da ke rataye a wuyanta, ta nuna mini matakan a rubuce a bayansa, tare da sunan ƙofar da aka ba ta ta tsare, sannan ta duƙa ta dubi takalman yarana biyu ta faɗi launinsu.